Badagry ta Fuskar Ruwa



Direban tirela da ɗan kasuwar da ya saba safarar Kwatano sun san hanyar Badagry kamar yunwar cikinsu. Daga Mile 2 a bi ta Alaba Rago, inda 'yan Arewa ke sayar da raguna da kayan gwari, a wuce Agbara, a yi ta tsayawa a shingayen kwastan da 'yan sanda har a kai iyakar Seme. Abin da mafi yawansu ba su taɓa leƙawa ba yana hannun hagu, bayan gidaje da bishiyoyin kwakwa. Wani dogon mashigin ruwa ne da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da tekun Atlantika, tun daga tashar jiragen ruwa ta Apapa har ya haɗe da tafkin Porto-Novo a Jamhuriyar Benin. Garin Badagry, mai nisan kimanin kilomita 60 yamma da tsakiyar Legas, yana zaune a gaɓarsa ta arewa.

Wanda ya fara ganinsa zai ce kogi ne, domin yana da faɗi kuma a kwance yake. Amma ruwan nan gauraye ne. Kogin Yewa da wasu ƙoramu suna zuba masa ruwan daɗi daga arewa, teku kuma tana turo masa ruwan gishiri ta bakin Legas duk lokacin da ta ciko. Da damina ruwan daɗi ke rinjaye, da rani gishiri ya ƙaru. Tsakaninsa da teku akwai siririn tudun yashi da igiyar ruwa ta daɗe tana tarawa, tana kwaso rairayi daga yamma tana jibge shi gabas. A wasu wuraren mutum zai iya ratsa tudun da ƙafa cikin ƙasa da rabin awa. Yana baro ruwan da ko yaro zai tuƙa kwalekwale a kansa, sai ya tarar da teku mai rugugi wadda ba ta wasa da kowa.

Wannan bambanci shi ya haifi garin. Gaɓar tekun wannan yanki ba ta da mafakar jirgi. Manyan jiragen Turawa can nesa suke jefa anga, kuma raƙuman ruwan bakin gaɓa suna da haɗari har ta kai Turawan na ɗauko hayar matuƙa kwalekwale daga Gwalkwas, wato Ghana ta yau, don su riƙa ratsa musu da kaya da mutane. A bayan tudun yashi kuwa ga hanya lafiyayya, wadda kwalekwale zai bi daga Porto-Novo zuwa Badagry zuwa Ikko, wato Legas, ba tare da ya taɓa teku ba. Duk wanda ya riƙe wata gaɓa a wannan hanya ya riƙe kasuwa.

Masu yi wa baƙi jagora a garin sukan ce an kafa Badagry tun 1425, kasuwar bayi ta Vlekete kuma tun 1502. Masana tarihi da suka bi takardun kamfanonin Turai, irin su Robin Law, suna kai bunƙasar garin a matsayin tashar ciniki zuwa shekarun 1730, bayan da yaƙe-yaƙen Dahomey suka tarwatsa mutanen Allada da Ouidah, wasu suka gudo gabas ta ruwa. Tare da su akwai wani Bature ɗan kasuwar Holan mai suna Hertogh, wanda mutanen gari ke kira Huntokonu, aka kuma kashe shi daga baya. Mai ziyara ba ya asarar komai idan ya ji labaran biyu. Abin da bai kamata ba shi ne a miƙa masa na baka a ce shi ne rubutaccen tarihi, domin baƙon da ya yi karatu kafin ya zo, da zarar ya kama kuskure ɗaya, sai ya daina yarda da sauran, har da na gaskiyar.

Na gaskiyar kuwa yana da yawa, kuma kusan dukkansa a jere yake a titin Marina da ke bakin ruwa.

Akwai gidan Seriki Williams Abass. Shi kansa an kama shi bawa yana yaro daga ƙasar Yewa, ya faɗa hannun wani ɗan kasuwar Brazil, ya koyi karatu da harsuna, daga baya ya zama dillalin bayi, ya yi arziki, ya zama jagoran Musulmin garin da babban mai faɗa a ji har rasuwarsa a 1919. A cikin gidan akwai ɗakuna 40 da ake tsare bayi kafin jirgi ya iso. Yawancinsu yanzu mutane ne ke zaune a ciki, da tukwane da shanyar kaya a tsakar gida, an ware kaɗan don masu ziyara. Ɗaki ne ƙarami, mai 'yar kafar iska can sama kusa da rufi. Idan mutum biyar suka shiga aka turo ƙofa, kafin minti biyu gumi ya karyo musu. Jagoran zai ce mutum 40 ake cusawa a ciki. Zai kuma nuna wata tsohuwar laima da kwalaben giya da tangaran, yana faɗin adadin mutanen da aka bayar aka karɓi kowanne.

Gaba kaɗan akwai ɗan gidan tarihin zuri'ar Mobee, waɗanda kakanninsu sarakunan unguwa ne da suka yi wannan ciniki. A nan ake ajiye da sarƙoƙi da mari da ƙuƙumi, har da ƙanana na yara. Sukan bar baƙo ya ɗaga sarƙar wuya ya ji nauyinta, wasu ma su rataya a ɗauke su hoto. Ra'ayi ya bambanta a kan hoton nan. Nauyin ƙarfen dai, wanda ya ɗaga shi da hannu biyu ba ya bukatar ƙarin bayani.

Daga nan sai mashaya. A sa rigar kariya, a shiga jirgi mai inji, cikin 'yan mintuna an tsallaka zuwa Gberefu, wato tudun yashin da aka ambata. Sai tafiyar ƙasa a cikin rairayi mai zafi, tsakanin kwakwa da ciyayi. A tsakiyar hanya akwai wata rijiya da ake cewa ana tilasta wa bayi shan ruwanta, wanda aka yi wa asiri don su manta gida. Ƙarshen hanyar shi ne wurin da ake kira Point of No Return, bakin tekun da wanda ya kai nan a ɗaure ba ya komawa. Tun 2017 ake shirya bikin da ake juya ma'anar wurin, a tarbi jikokin bayi daga Amurka da Brazil da tsibiran Karibiyan ta ƙofar da aka fitar da kakanninsu.

Bahaushen da ya tsaya a wannan gaɓa kada ya ɗauka tarihin wasu yake kallo. Daular Oyo, wadda ta riƙa turo bayi zuwa Badagry da Porto-Novo ta ƙasar Egbado, daga arewa take samun da yawa daga cikinsu: Nufawa, Barebari, Hausawa. Yaƙe-yaƙen farkon ƙarni na 19, ciki har da na jihadi, sun ƙara yawan kamammu daga kowane ɓangare, kuma fatake sun gangaro da wasunsu kudu. Ingila ta haramta cinikin a 1807, amma jiragen Brazil sun ci gaba da lodi a wannan gaɓa har zuwa wajen 1850. Shi ya sa a jihar Bahia ta Brazil aka rubuta sunan Hausawa a yunƙurin tawayen bayi na 1807 da na 1814, kuma a babban tawayen Musulmi na birnin Salvador a watan Azumin 1835, wanda Yarbawa suka fi yawa a ciki, an samu Hausawa, an kuma samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Badagry ba ta kai Ouidah ko Ikko yawan fitar da bayi ba, wannan gaskiya ne. Amma hanyar da ta kawo mutum daga Gobir ko Zazzau zuwa gonar rake a Bahia, wani reshenta ta nan ya bi, kuma masu sayarwa a kowane zango 'yan ƙasa ne. Wannan ɓangaren labarin ba shi da daɗin ji, ba kuma a cika koyar da shi a makarantun Arewa ba.

Hanyar ta yi aiki ta ɗaya fuskar ma. A ƙarshen 1825 Hugh Clapperton ya sauka a Badagry da niyyar komawa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda suka gana a tafiyarsa ta farko ta hamada. Da kwalekwale ya bar garin, sannan ya hau tudu ya bi ta babban birnin Oyo, ya ƙetare kogin Kwara a yankin Busa, ya isa Kano a 1826, ya ƙarasa Sakkwato, inda ya rasu a watan Afrilun 1827. A ayarinsa akwai wani dattijo Bagobiri, Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. An sayar da shi bawa, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwato shi a teku, ya yi aikin jirgi, sannan ya dawo ƙasar haihuwarsa a matsayin tafinta. Baran Clapperton, Richard Lander, shi ya komo Badagry da takardun maigidansa. Dillalan bayi 'yan Fotugal suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka ba shi ruwan guba ya sha a gaban dattawa don a gane gaskiyarsa. Ya shanye, ya koma masauki ya yi amai, ya rayu. Da ya dawo tare da ƙanensa John a watan Maris na 1830, sun rubuta cewa sun tarar da malamai Hausawa a garin, sun kuma ga Musulmi sun yi ado sun fita sallar Idi bayan Azumi. Wato shekara 12 kafin mishan na farko ya iso, ana kabbara a bakin wannan ruwa.

Labarin mishan shi aka fi sani, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. Thomas Birch Freeman ya iso a watan Satumban 1842, ya yi wa'azi a ƙarƙashin bishiyar Agia, wadda ta faɗi a 1959 aka kafa alama a gurbinta. Benen da mishan na CMS suka kammala a 1845, inda Samuel Ajayi Crowther ya zauna, yana nan a tsaye da matakalarsa ta katako. Ana tallarsa da sunan bene na farko a Najeriya, maganar da duk wanda ya san sorayen Kano da hasumiyar Gobarau ta Katsina zai yi murmushi idan ya ji. A ce na farko a ginin Turawa, an fi kusa da daidai. A 1863 aka haɗe garin da mulkin mallakar Legas, kuma ofishin Di'o na wancan zamani shi ne gidan tarihin gwamnati na yau.

To, ga inda gizo ke saƙar. Duk abin da aka lissafa, mai ziyara yana gama shi cikin awa uku ko huɗu. Motar makaranta ta sauke yara da hantsi, a zaga da su, a tsallaka Gberefu, a dawo, kafin la'asar direba na ƙorafin a tashi kada cunkoso ya rutsa da su. Abin da suka bari a garin bai wuce kuɗin shiga da na jirgi da na ruwan leda ba. Mai otal bai gani ba, mai kifi bai gani ba. Shi kuwa ruwan da ya kafa garin, an mayar da shi abin tsallakewa na minti biyar.

Alhali a kansa rayuwar take. Mutanen Ogu, waɗanda ake kuma kira Egun, masunta ne tun kaka da kakanni, danginsu na tsallaken iyaka a Porto-Novo. Da asuba ana ganinsu a tsaye a bakin kwalekwale suna wurga birgi, mata na jira a mashaya da kwanduna don karɓar karfasa da tarwaɗa da ƙaguwa da jatan lande, wasu a kai kasuwa ɗanye, wasu a yi banda. A ɓangaren Benin musamman, akwai dabarar da ake kira akaja: a kafa rassan itace da yawa a wuri mara zurfi, kifi ya taru yana ci yana haihuwa a ciki, bayan watanni a kewaye da koma a kwashe. Gona ce a cikin ruwa, da mai ita da iyakarta. A gefen gaɓa akwai itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri da jijiyoyinsu a waje, waɗanda su ne mafakar ƙananan kifaye, sai tukurwa, sai kwakwa iya ganin ido. Gandun kwakwa na tsibirin Topo ya samo asali daga mishan na Katolika da suka zauna a can a 1876, kuma har yau Badagry ce cibiyar kwakwa a jihar Legas, wadda ta kafa hukuma sukutum don wannan amfanin gona. Ga dodon Zangbeto mai gadin dare, tulin zaren tukurwa da ke juyi a fili. Ga gangunan Sato, dogaye har sun fi mutum tsawo, waɗanda makaɗa ke tsalle kafin su kai ga fatar.

Maƙwabta sun riga sun gane kuɗin da ke cikin irin wannan. Ganvié, ƙauyen da ke tsaye a kan turaku a tafkin Nokoué kusa da Kwatano, mutanen Tofinu ne suka kafa shi don tsere wa maharan Dahomey, kuma yau yana cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa a Benin. Abin da ake sayarwa a can shi ne tafiyar jirgin kanta: kasuwa a kan ruwa, yara na tuƙa kansu zuwa makaranta. A Ouidah an gina ƙofar tunawa da bayi tun 1995, bayan UNESCO ta ƙaddamar da shirinta na Hanyar Bayi a garin a 1994. Ghana ta ayyana 2019 shekarar komowa gida, ta cika otal-otal ɗin Accra da Cape Coast. Badagry na da tarihin da Ouidah ke da shi da ruwan da Ganvié ke da shi a wuri guda, ga Legas mai miliyoyin mutane a bayanta.

Gabashin mashigin ya nuna cewa masu biya suna nan. A Ilashe da Ibeshe masu hali sun gina gidajen hutu a kan tudun yashi, kuma da jirgi kaɗai ake zuwa. Tarkwa Bay, a bakin tashar Legas, ganuwar duwatsun da Turawa suka gina don kare mashigar jiragen ruwa ta kwantar masa da igiya, shi ya sa yake cikin wurare ƙalilan da ake iyo da kwanciyar hankali. Sai dai a watan Janairun 2020 sojojin ruwa sun tashi dubban mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai, abin da ya tuna wa kowa cewa talakan bakin ruwa shi ake fara kawarwa idan ƙasarsa ta yi daraja. Kusa da Badagry kanta akwai wurin shaƙatawa na Whispering Palms a Iworo, da bakin teku na Suntan a hanyar Seme.

Me ya hana? Na farko hanya. An fara faɗaɗa titin Legas zuwa Badagry ya koma layi 10 tun 2009, aikin ya ɗauki shekaru fiye da yadda aka yi alkawari, kuma a tsawon lokacin tafiyar awa ɗaya takan zama ta huɗu. Jirgin ruwa ya fi sauri, amma mutane na tsoronsa, kuma da dalili. A jajibirin Babbar Sallar 2022 wani jirgi da ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe da dare ya kife, mutum fiye da 15 suka rasu, yawancinsu 'yan gida ɗaya. Hukumar LASWA mai kula da hanyoyin ruwan jihar ta wajabta rigar kariya ta kuma hana tafiyar dare, saura tabbatar da bin dokar a kowace mashaya. Akwai kuma wata irin kainuwa mai shuɗin fure, 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda ta shigo ruwan Najeriya ta wannan mashigi daga Benin a 1984. Idan ruwan daɗi ya yi yawa takan rufe fuskar ruwa ta naɗe farfelar inji, sai gishirin rani ya kashe ta. Wannan na cikin dalilan da suka sa daga Nuwamba zuwa Maris ya fi dacewa da ziyara. Ga masu haƙar yashi da ke zurfafa ruwa suna cinye gaɓa, ga leda da robobi. Baƙon da ya fito daga Arewa kuma a gaya masa tun kafin ya cire takalmi: iyon da ya koya a kududdufi ko madatsar Tiga ba ya aiki a tekun Gberefu, domin ruwan na ja ta ƙasa.

Manyan alkawura ba su yi ƙaranci ba. A 2009 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani shiri na dala biliyan 3.4, wanda Marlon Jackson, yayan mawaƙi Michael Jackson, ke ciki, na gina katafaren wurin shaƙatawa mai filin golf da gidan tarihin bayi da na mawaƙan gidan Jackson a haɗe. An yi ta suka cewa ba a haɗa makoki da gidan rawa, kuma ba a gina shi ba. Abin da garin ke bukata ya fi wannan araha nesa ba kusa ba: mashaya mai kyau, jirage masu tashi a kan lokaci, jagororin da aka horar aka ba su tarihi ingantacce, banɗaki da inuwa a hanyar Gberefu, da tsarin da zai sa masunci ya ɗauki baƙo zagayen asuba a biya shi kai tsaye. Masu ziyarar farko ma suna nan a kusa. Ma'aikatan gwamnati daga kowace jiha na zuwa kwas a kwalejin ASCON da ke Topo, ɗaliban Faransanci daga jami'o'in Kano da Zariya da Maiduguri na yin watanni a Ƙauyen Faransanci na Ajara, kuma da yawansu sukan gama su tafi ba su taɓa hawa ruwan ba.

Lokaci kuma ba ya jira. A 2016 aka fara haƙo mai a rijiyar Aje da ke cikin teku daura da Badagry. A 2022 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da gina tashar manyan jiragen ruwa a yankin. A 2024 aka ƙaddamar da aikin babban titin da zai taso daga Illela a jihar Sakkwato, ya ratsa Kebbi da Neja da Kwara da Oyo da Ogun, ya ƙare a Badagry, tsawon fiye da kilomita 1,000, shirin da ake maganarsa tun zamanin Shehu Shagari. Idan waɗannan suka tabbata, farashin fili a bakin ruwa zai tashi, tireloli za su ninka, kuma za a yanke shawarar wace gaɓa za a bar wa kwakwa da masunta, wace za a zuba wa kankare. Gwamnatin Legas da sarakunan Ogu da masu zuba jari ne za su zauna a kan wannan taswira, kuma fatake da direbobin Arewa, waɗanda titin zai sauke a ƙofar garin, suna cikin waɗanda abin zai shafa kai tsaye.